Garejin Bukuru

Shekara tara muka yi a Abuja
muna yi wa masu cin abinci kiɗa.
Otal ya ɗinka mana kwat iri ɗaya,
ya ce mu rage ƙara, manya na magana.
Muka rage. Muka sake ragewa,
har ƙarar cokula ta rinjaye mu.

Davou ya koyi murmushi da jitar bes a wuya,
shi da ko gaisuwa sai an roƙe shi.
Ni na naɗe sandunana da tsumma
ina shafar ganga kamar mai lallashin jinjiri.
Aka barbaɗa wa waƙoƙinmu sukari
aka biya mu, muka yi shiru.
Mai gidan haya ba ya karɓar kiɗa.

A kwalin takalma Kachollom ta tsinci kaset ɗin,
da jan biro a bayansa: Bukuru, damina, kar a goge.
Sai da muka zaga Taminus sau biyu
kafin mu sami rediyon da zai ci shi.

Da ya fara juyawa, ba wanda ya kalli wani.

Bes ne a gaba, yana nishi
kamar tifa ta ɗauko dutse tana hawan tudu.
Jitar Nanpon siririya, mai kaifi,
gefen kwanon da aka yanka da almakashi.
Gangata a bushe, ba kwalliya, ba gaisuwa,
bugu ɗaya, sai wani, sai wani.
Kachollom kuwa ba rerawa take ba,
faɗa take da bango
a kan ramukan kuza da aka bar mana cike da ruwa,
a kan dokar hana fita da ta cinye mana samartaka.
Can ƙasa kana jin ruwan sama yana dukan rufi,
shi ma ya shiga waƙar ba a gayyace shi ba.

Nanpon ya ce, "Yaran nan ba su iya komai ba."
Ya share ido da hannun riga.
"Amma ba su yi wa kowa ƙarya ba."

Muka sayar da kwat ɗin.

Garejin yana nan, bayan layin dogo,
mai walda ya mayar da rabinsa ma'ajiyar ƙarfe.
Tsatsa ta ci ƙofar, bakin mai ya zauna a ƙasa,
ƙusar da nake rataye rigata ba ta gusa ba.
Muka cire fiyano, muka cire duk abin da ke sheƙi.
Tsirkiya huɗu, tsirkiya shida,
fata da ƙarfe, da maƙogwaro ɗaya.

Yatsu sun yi laushi. Waƙa ta biyu Davou ya yi jini.
Kafaɗata ta tuna min shekaruna.
Muryar Kachollom ta sauka ƙasa, ta yi kauri,
fushin bai tafi ba, kujera ya samu ya zauna.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa
ya kama mana idon sawu kamar da.

Wajen goma na dare aka buga kwano da taɓarya.
Mun san bugun.
Mama Ladi ce, mai masa, da ta sha kai ƙararmu wurin mai unguwa,
yanzu da sanda, da mayafi biyu.
Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga furfura.

"Ku ne?" ta ce. "Na ɗauka injin niƙa ya lalace."
Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.
"Kai mai ganga. Da can ka fi haka sauri."

Na kwance tsumman daga sandunana.
Na ƙirga huɗu.